An ce IgE ɗin yarona ya kai 3,400: garkuwa ce ta yi ƙarfi ko ciwo ne?

Ummu_Sadiq: Assalamu alaikum iyaye da likitocin wannan zaure. Don Allah ina neman wanda zai fahimtar da ni. Yarona shekararsa 4. Tun yana wata biyu yake fama da ƙuraje masu ƙaiƙayi a fuska da bayan kunne da lanƙwasar gwiwa, ga maruru, wannan ya fashe wancan ya fito. Bara sau biyu ana ba mu gado saboda limoniya. Likitan da ya gan mu na ƙarshe ya rubuta gwajin jini, aka tura Legas, jiya sakamako ya dawo. An rubuta IgE 3,400 IU/mL, a gefe an sa wai daidai shi ne ƙasa da 60, sun buga jan H a gabansa, alamar ya yi yawa. IgG da IgA da IgM ba a sa musu komai ba. Ganin likita sai nan da mako uku. Babansa ya ce abin godiya ne, tunda sinadarin garkuwa ne, yawansa alama ce jikin yaron na faɗa da ciwo sosai. Ni kuma na shiga Google daren jiya, ban runtsa ba. Wanne ne gaskiya?

Maman_Hassana_da_Usaina: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa, Usainata nata 900 ya nuna, likita ya ce asma ce da borin jini. Yanzu tana aji uku, sai dai lokacin hunturu mu riƙe abin shaƙa a jaka. Kuma ki bar Google da daddare.

Abu_Haidar: Ni dai ina bayan maigidanki. Da ƙasa ya yi sai a damu. Abin da ake so a jiki ya yi yawa kuma a ce matsala ce? Waɗannan gwaje-gwajen wani lokacin hanyar cin kuɗin mutane ce kawai.

Kabiru_Lab: Malam Abu Haidar, ba haka abin yake ba, bari in ɗan yi bayani tunda aikina ke nan. Antibodi, wato sinadaran garkuwa da jiki ke yi don yaƙar ciwo, iri biyar ne a jikin mutum: IgG, IgA, IgM, IgD da IgE, kowanne da inda yake aiki. IgG shi ya fi yawa, shi ke riƙe da tarihin cututtukan da mutum ya taɓa yi da rigakafin da aka yi masa. IgM shi ke fara fitowa idan sabon ciwo ya shigo. IgA yana tsaron hanci da maƙogwaro da hanji, yana cikin nonon uwa ma. IgE kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai a jini, kuma abu biyu ke tayar da shi galibi: tsutsar ciki, da borin da jiki ke yi wa abin da ba shi da illa, kamar ƙura ko gashin kyanwa ko wani abinci. Ba shi ne ke kare yaro daga limoniya ba.

Ka ɗauka unguwa ce ta cika da 'yan sintiri, amma duk sun taru suna dukan mai tallan gyaɗa, ɓarawo kuma yana haurawa ta baya. Yawansu bai tsare kowa ba.

Sai dai Ummu Sadiq, kada 60 ɗin nan ya firgita ki. Yawancin ma'aunan da ake bugawa a gefen takarda daga yaran Turai da Amurka aka samo su. Tun 1968 masu bincike daga Suwidin suka auna yara a Habasha, suka tarar IgE ɗinsu ya ninka na yaran ƙasarsu sau da yawa, musamman masu macijin ciki. To yaron da ke wasa a ƙasa ba takalmi a nan, ba abin mamaki ba ne a ga ɗaruruwa har dubbai. An yi masa gwajin bayan gida? Kuma ki duba takardar FBC, wato gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, nawa aka rubuta a layin eosinophils, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini?

Ummu_Sadiq: Na gode Malam Kabiru. Ba a yi na bayan gida ba. Wancan layin 14% aka sa, shi ma da H.

Kabiru_Lab: Su biyun tare suke tafiya, tsutsa na ɗaga su, ƙurajen fata ma haka. A yi na bayan gidan, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda kuka tura Legas ba.

Ɗan_Maraɗi: Sannunku jama'a. Abin da Malam Kabiru ya faɗi ya faru a gidana. Yarona na fari, lokacin yana da shekara 9, mun kai shi likita don ƙaiƙayi da rama, analiz ya nuna IgE ya wuce 2,000. Hankalinmu ya tashi. Lokotoron ya tambayi yaron da kansa ko yana wanka a tabki, yaro ya sunkuyar da kai. Ashe ya daɗe yana ganin jini a ƙarshen fitsari, ya ɓoye don kada a hana shi zuwa. Tsargiya ce. Aka ba shi praziquantel gwargwadon nauyinsa. Amma ku sani lambar ba ta sauka nan da nan ba, ta ɗauki watanni, har mun zaci maganin bai yi aiki ba.

Mai_Zuma_Gangariya: Hajiya wannan sanyi ne ya yi masa yawa a jini, ga dattin ciki. Muna da haɗin zuma da habbatus sauda da garin zogale mai ƙara garkuwar jiki, yara da yawa sun samu sauƙi da yardar Allah. Ki yi min magana ta gefe.

Admin_Anti_Bilki: Mai Zuma, dokar zaure ta hana talla a ƙarƙashin tambayar mara lafiya. Wannan ne gargaɗi na biyu.

Abu_Haidar: Amma Anti ai habbatus sauda ta zo a hadisi.

Admin_Anti_Bilki: Ba wanda ya musa, Malam. Talla na hana.

Likitan_Yara_Zariya: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Maman Sadiq, ba zan iya faɗa miki ciwon yaron da ban gani ba, amma zan gaya miki yadda muke tunani idan irin wannan takarda ta zo gabanmu.

Lambar ita kaɗai ba ta tayar min da hankali. Yaro mai ƙurajen fata masu tsanani, wanda muke kira eczema, zai iya kai 5,000, har 10,000, kuma garkuwarsa lafiya lau. Abin da ya sa na tsaya a kan saƙonki shi ne sauran labarin: ƙuraje tun wata biyu, maruru a kai a kai, limoniya sau biyu cikin shekara ɗaya har da kwanciya. Likitan da ya rubuta gwajin ya san abin da yake nema.

Akwai wani ciwon garkuwa da ake haihuwar yaro da shi, ciwon yawan IgE. A 1966 aka fara bayyana shi a Amurka a jikin wasu 'yan mata biyu, aka sa masa sunan Annabi Ayuba saboda yawan marurun. Yawanci IgE ɗinsu na wuce 2,000. Amma ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma cikin yaran da ke da lamba irin ta Sadiq, mafi rinjaye da nisa eczema ce ko tsutsa ko duka biyun. Don haka ga tambayoyina. Marurun idan sun fito suna yin ja da zafi da zazzaɓi, ko kumburi ne kawai mai sanyi cike da mugunya? Yana yawan yin fari-fari a harshe ko lalacewar farce? Ya taɓa karaya daga ɗan faɗuwa kaɗan? Kunnensa na zubar da ruwa? Nauyinsa nawa? An taɓa yi masa gwajin sikila da na HIV? Ke da babansa 'yan'uwa ne? Akwai jariran da suka rasu a dangi saboda ciwo mai maimaituwa?

Hajiya_Turai_Fagge: Haba Likita. Mata ta zo da damuwarta, a gaban jama'a ka jefo mata maganar ƙanjamau? Gidan mutunci fa.

Sista_Rabi: Hajiya ki yi haƙuri, ba cin fuska ba ne. Duk yaron da ke yawan kwanciya da limoniya, ko ɗan sarki ne, sai an yi masa wannan gwajin, don shi da tamowa su suka fi raunana garkuwar yara a nan, kuma duka biyun ana iya yin wani abu a kai. Kuma ga abin da zai ba Malam Abu Haidar mamaki: yaro mai HIV sau da yawa IgG ɗinsa sama yake, ya wuce na sa'anninsa, alhali ciwo kaɗan ke kayar da shi.

Tunda an taɓo maganar, bari in ƙara don masu jego. Jariri yana ɗaukar IgG na uwarsa ta mabiyiya tun yana ciki. Shi ya sa idan uwa tana da HIV, gwajin nan na tsinke zai iya nuna jaririn yana da shi har zuwa wata 18 ko da bai kamu ba, antibodin uwar ake gani. Na ga matar da ta yi kwanaki tana kuka a kan haka. Na jarirai daban ne, a sati 6 ake ɗiga jinin dunduniya a takarda a tura, ƙwayar cutar kanta ake nema.

Hajiya_Turai_Fagge: To Allah ya kyauta. Ni dai da ta gefe aka tambaye ta.

Baban_Walida: Ni kuma wata tambaya, a yi min afuwa idan na kauce. Ita ma taifot ɗin nan ba antibodi ake aunawa ba? Walida duk lokacin da ta yi zazzaɓi sai a ce Widal ya nuna 1/160, a ɗora mata allurai. Shekarar nan ban san sau nawa ba.

Kabiru_Lab: Baban Walida ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Gwajin Widal tun 1896 wani likitan Faransa ya ƙirƙiro shi, kuma antibodi yake aunawa, ba ƙwayar taifot ba. Wanda ya tashi a inda ruwan sha ba shi da tsabta, jikinsa ya sha haɗuwa da dangin wannan ƙwayar, ko lafiyarsa ƙalau ka auna shi za ka iya samun 1/80 ko 1/160. Maleriya ma tana ɗaga shi. Wanda ake dogara da shi shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma kafin a fara shan magani ake ɗiba. Yarinyar da ake ce wa taifot kowane wata biyu, ni ban yarda taifot ba ce.

Sani_Kemis: Malam Kabiru ku a lab kuke zaune, mu ke tare da talakawa. Mutum ya zo da yaro jiki kamar wuta, kuɗin hannunsa bai kai na shukar jini ba, kuma sai ya jira kwana uku zuwa biyar. Me za ka ce masa? Kuma muna ba da maganin suna warkewa.

Kabiru_Lab: Suna warkewa don yawancinsu maleriya ce ko mura, kuma ka haɗa musu da maganin maleriya. Ranar da taifot ta gaske ta zo, maganin ya daina ci, sai tiyatar hanji.

Sani_Kemis: Kowa dai da inda yake kallo.

Admin_Anti_Bilki: A buɗe wa Widal nasa zaren daban don Allah. Ummu Sadiq, Likita na jiran amsarki.

Ummu_Sadiq: Yi haƙuri Likita, wuta aka ɗauke waya ta mutu. Hajiya Turai na gode da kulawa, amma ba komai, an yi mana gwajin HIV ɗin ni da yaron lokacin kwanciya ta biyu, babu. AA ne. Nauyinsa kilo 13. Bai taɓa karaya ba. Kunnen dama na yin ruwa lokaci-lokaci. Harshe yana yi fari amma ba kullum ba. Marurun kuwa, akwai wanda ya fito masa a wuya ya kai ƙwan kaza, yana ta wasansa, ko zazzaɓi bai yi ba, sai da aka tsaga. Har kakarsa na cewa yaron jarumi ne. Babansa ɗan baffana ne. Kuma ita kakar, wato surukata, ta yi wabi, 'ya'ya uku ta binne suna jarirai kafin babansa ya tsaya.

Abu_Haidar: Yanzu kuma za a ɗora wa auren zumunci. Iyayenmu da kakanninmu duk haka suka yi, ga mu nan garau.

Maman_Hassana_da_Usaina: Waɗanda suka rayu ne garau, Malam. Ka tambayi tsofaffin gidanku nawa aka binne.

Abu_Haidar: Wannan ai ƙyanda ce da rashin asibiti a lokacin, ba zumunci ba.

Likitan_Yara_Zariya: Ku duka biyun kuna da gaskiya a wani ɓangare. Yawancin wabin da iyayenmu suka yi, ƙyanda ce da maleriya da gudawa da sikila da ba a san sunanta ba. Ba za mu taɓa sanin abin da ya ɗauki 'ya'yan surukarki ba. Amma muna tambaya don wani lokacin amsar na nan.

Shi ciwon da na ambata kashi biyu ne manya. Na farko, a 2007 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, STAT3. Wannan ba ruwansa da auren zumunci, sau da yawa ma a kan yaron yake farawa, iyaye lafiyarsu lau. Alamunsa su ne marurai masu sanyi, limoniyar da ke barin rami a huhu, saurin karaya, da haƙoran nono da ke ƙin faɗuwa har na girma su fito a bayansu. Wannan ta ƙarshe ba za a gani a Sadiq yanzu ba, sai wajen shekara 6 zuwa sama ake famfara. Na biyu, DOCK8, a 2009 aka gano shi, kuma shi sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, shi ya sa aka fi samunsa inda ake auren dangi, kamar Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Su nasu ya fi zuwa da tsiro-tsiro a fata masu yawa da ƙin warkewa, da borin abinci mai tsanani.

Maganar marurun wuyan nan ita ce mafi muhimmanci a duk abin da kika rubuta. Ki faɗa wa likitanku da irin kalmomin da kika faɗa mana. Shawarata kada ki jira mako ukun. Ki koma ki nemi a tura ku asibitin koyarwa mafi kusa, Malam Aminu Kano ko Shika, ɓangaren yara. Ki tafi da duk hotunan ƙirjin da aka taɓa yi masa da katin rigakafi da katin awo. Idan akwai hoton marurun a waya, kada ki goge.

Ummu_Sadiq: Innalillahi. Likita to idan shi ne, yana da magani?

Likitan_Yara_Zariya: Ban ce shi ne ba. Idan ma shi ne, akwai abin yi. Masu nau'in farko da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure, da maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da ake sha kullum, da kula da fata, da saurin zuwa asibiti idan tari ya fara. Nau'i na biyu dashen ɓargo ake yi. Kuma ba lambar ake bi da magani ba, ba a neman sai ta sauko 60. Ana duba ko ciwukan sun ragu, ko yaro na ƙara nauyi.

Sani_Kemis: Septrin ne ake ba su ko Likita? Akwai shi ai, ba tsada.

Likitan_Yara_Zariya: Malam Sani don Allah kada a fara ba shi komai kafin a gan shi. Haka man shafawar nan masu haɗi uku da ake sayarwa don ƙuraje, akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, yana kwantar da ƙurjin kwana biyu ya sirantar da fatar yaro. Dexa kuma, shi ma sitiroyid ne, ko kusa.

Zee_Manchester: Anti Ummu sannu da jiki. Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara. Da aka ga IgE ɗin ɗana ya hau, wata ƙawata ta nuna min wani gwaji da ake saya ta intanet, wai yana gano abincin da jikin yaro ba ya so. Ya dawo da jerin abinci kusan ashirin da jan layi: ƙwai, madara, alkama, gyaɗa, har shinkafa. Muka hana shi duka, yaro ya rame. Da muka samu ganin likitar borin jiki a asibiti, ta ce wannan gwajin IgG yake aunawa, kuma IgG na abinci alama ce kawai yaro yana cin abin, ƙungiyoyin likitocin fannin a Turai da Amurka duk sun ce kada a yi amfani da shi. Ta ce ko na IgE ɗin ma, idan jimillar ta yi sama sosai, yakan nuna ja a abincin da yaro ke ci lafiya. Tambayarta ɗaya ce: idan ya ci, me ke faruwa cikin awa ɗaya ko biyu? Kada kowa ya sa ki hana Sadiq ƙwai da madara a kilo 13.

Hajiya_Turai_Fagge: Mu da can ma ai cewa ake yi ƙwai na sa yaro sata, yanzu kuma Turawa sun zo da tasu.

Abban_Mus'ab: Jama'a ni kuma ku duba min. Ɗana mai sikila ne, shekara 11. Nasa IgG aka rubuta 1,900. Na ga wata a wani zaure ta ce na 'yarta 12 ne kuma an ce daidai ne. Daga 12 zuwa 1,900 fa!

Kabiru_Lab: Abban Mus'ab duba harufan da ke gaban lambar. Naka mg/dL ne, nata g/L. A ma'auninta naka 19 ne. Ya ɗan hau, amma an saba ganin haka a masu sikila, jikinsu kullum cikin faɗa yake. Raunin garkuwarsu daga saifa yake, tana daina aiki tun suna ƙanana, shi ya sa ake ba su penisilin da rigakafin limoniya ko da IgG ya yi sama. Idan an ƙara masa jini kwanan nan ka faɗa wa likitan da zai karanta takardar.

Kuma iyaye a daina gwada takardar yaro da ta wani. Ma'aunin na canzawa da shekaru. Jaririn wata 4 IgG ɗinsa ƙasa yake don na uwarsa ya fara ƙarewa nasa bai kankama ba, kuma daidai ne.

Malam_Jauro: A rugarmu akwai yara manya da saifarsu ke kumbura har ta sauko cibiya. Ɗan ƙanena an auna shi aka ce IgM ne ya yi yawa. Shi ma irin na Sadiq ne?

Likitan_Yara_Zariya: A'a Malam, wannan daban ne. Idan saifa ta yi girma sosai kuma IgM ya hau a wanda ke zaune inda sauro ya yi yawa, abu na farko da muke tunani shi ne jiki ya wuce gona da iri wajen faɗa da maleriya ta shekara da shekaru. An yi aiki sosai a kan wannan a nan Zariya a shekarun 1970. Maganin maleriya na dogon lokaci ake ba su, saifar ta koma a hankali. Amma sai an tabbatar ba tsargiyar hanji ba ce ko ciwon jini. Akwai kuma wani ciwon gado da IgM ke hawa alhali IgG da IgA sun faɗi ƙasa, ya fi kama maza tun suna ƙanana. Shi ya sa muke karanta ukun tare.

Ummu_Sadiq: Likita akwai abin da ban faɗa ba. Ina da ciki wata bakwai. Wanda zan haifa shi ma a yi masa gwajin? Kuma rigakafi fa?

Gaskiya_Ɗaci: Yauwa. Ni dama jira nake a zo nan. Duk waɗannan ciwukan garkuwar ba alluran rigakafin nan ne ke kawo su ba? Jariri kwana ɗaya a duniya an soka masa allura.

Sista_Rabi: Gaskiya Ɗaci, yaron da ake magana an haife shi da abinsa idan ma shi ne, allura ba ta canza ƙwayar gado. Abin da ke goge garkuwa shi ne ƙyandar da ake yi wa rigakafin. A wani bincike da aka wallafa a 2019 an auna yaran da ba a yi wa rigakafi ba a Holan, kafin su yi ƙyanda da bayan sun yi, aka tarar ta share musu daga kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na ire-iren antibodin da suka tara. Mu da ke ɗakin yara mun san haka tun kafin a auna: yaro ya tashi daga ƙyanda, wata biyu ya dawo da limoniya ko gudawa.

Likitan_Yara_Zariya: Sista ta gama magana. Maman Sadiq, auna IgE ɗin jariri ranar haihuwa ba abin dogara ba ne, nasu na iya zama ƙasa ko da suna da ciwon. Tambayarki ta rigakafi kuwa tana kan hanya. BCG da ɗigon foliyo na baki masu rai ne da aka raunana, kuma akwai ƙananan rukunin jarirai masu ciwon garkuwa mai tsanani da ba a ba su. Wannan hukuncin likitan da ya ga Sadiq ne zai yanke, ba ni ba, ba zaure ba. Kina da wata biyu, ya isa a san inda aka dosa. Ki faɗa musu a wajen awo ma su rubuta a katinki. Sauran iyaye kuma, wannan maganar ba ta shafi 'ya'yanku ba, a kai su rigakafi.

Gaskiya_Ɗaci: Kun dai ji da bakinsa, akwai waɗanda ba a ba su.

Admin_Anti_Bilki: Ka karanta layinsa na ƙarshe ma.

Ummu_Sadiq: Salam jama'a, na dawo. Mun yi na bayan gida kamar yadda Malam Kabiru ya ce, an ga ƙwan macijin ciki, an ba shi albendazole ya tauna. Mun kuma samu takardar turawa, ranar Talata za mu je. Babansa ya ce tunda an ga tsutsa ai magana ta ƙare, kuɗin motar ma a sayi kayan haihuwa da shi.

Abu_Haidar: Alhamdulillah. Ba na faɗa ba? Tsutsa ce kawai aka tayar wa baiwar Allah da hankali.

Maman_Hassana_da_Usaina: Kai da ka ce garkuwa ce ta yi ƙarfi, yaushe ka ce tsutsa?

Ɗan_Maraɗi: Nawa yaron tsargiyar ce kaɗai, amma shi bai taɓa kwanciya da ciwon huhu ba, bai yi maruru ba. Ni a ganina ku tafi.

Likitan_Yara_Zariya: Tsutsar za ta iya bayyana lambar. Ba ta bayyana marurun wuya mara zafi ba, ba ta bayyana kwanciya biyu ba. Rabin yaran layinku idan aka duba wataƙila a samu tsutsa, kuma ba su kwanta ba. Idan maigidan zai yarda, ki ba shi wayar ya karanta da kansa, ko ku tafi tare ranar Talatar, don za a yi tambayoyi a kan danginsa da shi ya fi ki sani.

Baban_Walida: Anti Bilki an buɗe zaren Widal ɗin kuwa? Yau ma an ce 1/160.